Zauren Harshe: Waya za ta iya koya mini yare?

Wasiƙun da suka shigo wannan wata kusan duk a kan waya suke. Na zaɓi uku. Masu tambaya a kan jarrabawar shiga jami'a ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayo motoci daga Kwatano ina kawowa Katsina. Wata bakwai ke nan kullum ina karatun Faransanci a manhajar koyon harshe ta Duolingo, ban taɓa tsallake rana ba. Amma watan jiya na tsaya gaban wani dillali, ko kuɗin da ya faɗa ban kama ba, sai da ya rubuta mini a waya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ɓata lokacina nake yi ke nan?
Daga wani ɗan kasuwa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba ka ɓata lokaci ba. Mutumin da ya yi wata bakwai bai yi fashi ba ya riga ya mallaki abin da na kasa dasawa a zukatan ɗalibai da yawa cikin shekara ashirin da ɗoriya da na yi ina koyar da Faransanci, wato naci. Matsalar ita ce ka horar da ido da yatsa, kunne da baki kuwa suna zaune.

Duolingo ta fito a 2012, kuma har yau ba ta da darasin da ya tashi daga Hausa. Kai da kake Bahaushe sai ka bi ta Turanci kafin ka isa Faransanci, kaya biyu ke nan a kai ɗaya. Muryar da kake ji a ciki kuma tsaf take, jimla ɗaya-ɗaya, ba ƙarar injin, ba mai katse wani. Dillalin Kwatano ba haka yake magana ba. Bafaranshe ma kansa abin da yake rubutawa daban, abin da yake furtawa daban. A takarda "je ne sais pas" kalma huɗu ce, ma'anarta ban sani ba, amma a bakin mai sauri sai ka ji kamar "shepa". Kalmomi suna manne wa juna: "les amis" a kunne "lezami" ce. In ba ka saba jin haka ba, kalmar da ka sani sarai za ta wuce ta gabanka ba ka gane ta ba.

Lissafi kuwa, wanda shi ya kunyata ka, yana da nasa ƙulli. Faransawa ba su da kalma guda ta saba'in, sai su ce sittin da goma. Tamanin ashirin huɗu ce. Casa'in da bakwai kuwa "quatre-vingt-dix-sept", wato huɗu, ashirin, goma, bakwai. Kafin ka gama haɗawa a ka, mai magana ya kai wani wuri. Wannan ba ya shiga sai da maimaici. Ka ɗauki waya ka naɗi muryarka kana karanta farashi hamsin irin waɗanda kake ji a wurin ciniki, miliyoyin sefa da dubbansu. Bayan kwana biyu ka kunna, kana ji kana rubuta lambar, sannan ka duba. Mako biyu kana haka za ka ga bambanci a gaban dillali.

Don kunne, gidan rediyon RFI yana da labarai na minti goma cikin Faransanci mai sauƙi, "Journal en français facile", kuma suna ɗora rubutun abin da aka faɗa a shafinsu. Ka sauke da dare lokacin da data ke da araha. Ka ji sau ɗaya ba ka kallon rubutu, ka ji na biyu kana bi da ido, na uku kana faɗa tare da mai karantawa, da ƙarfi, kamar yadda muke bin malam a makarantar allo. A YouTube kuma akwai wurin rage saurin magana zuwa 0.75, mutane da yawa ba su san da shi ba. Mu a zamaninmu rediyo mai gajeren zango muke kamawa, in magana ta wuce ta wuce ke nan. Ku da kuke iya mayar da jimla baya sau goma, wallahi an ba ku babbar ni'ima.

Kalmomi kuma ka zuba su a Anki, kyauta ce a wayar Android. Aikinta shi ne ta dawo maka da kalma daidai lokacin da kake gab da mance ta, wadda ta zauna kuma ta jinkirta ta. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna yadda mantuwa ke cin abin da aka haddace tun 1885, amma alarammominmu sun daɗe da sanin cewa hadda ba tilawa zubewa take. Sai dai kalmomin da za ka zuba su zama naka: birki, taya, takardun kwastan, ragi, bashi, ranar da jirgi zai iso.

Abin da na fi so ka yi shi ne wannan. Kana da lambar dillalan nan a WhatsApp. Ka zaɓi ɗaya mai haƙuri ka ce masa daga yau saƙon murya za ka riƙa tura masa da Faransanci, minti ɗaya kullum, shi ma ya amsa da shi. Za ka yi kuskure, zai yi dariya, zai gyara. Ka roƙe shi kada ya juya Hausa, don na san halin tafiyarmu: a unguwar Zango ta Kwatano Hausa za ta fisshe ka, a Maraɗi kuwa ka ce "bonjour" a amsa maka da "sannu da zuwa". Wannan daɗin ne ya hana da yawa daga cikinmu buɗe baki.

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata ta gwamnati. Aji ɗaya ya haura tamanin, ba wuta, ba kwamfuta, wayata ce kaɗai. Ga kuma sabuwar damuwa: in na ba da insha'i a yi a gida, sai a kawo mini Turancin da ko ni sai na duba ƙamus. Na gane daga ChatGPT ne, manhajar nan mai rubuta wa mutum abin da ya nema, a wayoyin yayyensu. Me zan yi?
Daga wata malama, Haɗejiya.

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri, aji tamanin ba wasa ba ne. Wayarki ɗin nan ta isa ta yi aiki in kin haɗa ta da ƙaramar sipika mai caji, irin wadda masu tallan magani ke yawo da ita. BBC tana da shiri na minti shida don masu koyon Turanci, mutum biyu suna hira a kan batu guda. Ki sauke biyu ko uku a mako. Kada ki kunna duka. Ki yanki rabin minti, ki kunna sau uku, su rubuta abin da suka ji, shifta ke nan irin ta dā, sai dai muryar ba taki ba ce. Amfanin haka shi ne yarinyar da tun firamare Turancin malamai kaɗai take ji za ta fara jin wani baki. Daga nan su haɗu biyar-biyar su cike wa juna giɓi. Hayaniya za ta tashi, ki bar ta, hayaniyar koyo ce.

Ki ba furuci minti biyar a kowane darasi. Mu Hausawa "p" da "f" suna haɗe mana, "pull" da "full" su zama ɗaya, haka "pan" da "fan". A jarrabawar WAEC da NECO akwai takardar da ke gwada sautukan Turanci, kuma ba da baki ake amsa ta ba, shi ya sa yara ke haddace alamomi ba su taɓa jin sautin ba. Ki naɗi muryar wadda ta yarda, ki kunna mata ta ji kanta. Sau da yawa yarinya ba ta yarda tana kuskure sai ta ji da kunnenta. Malaman da ba su da data kuma ki tura musu shirin BBC ɗin ta Xender.

Batun ChatGPT, tun da ya fito a ƙarshen 2022 insha'in gida ya daina nuna mana abin da yaro ya iya, kuma duka ko zagi ba zai dawo da shi ba. Ni abin da nake yi yanzu, rubutun da zan ba wa maki a gabana ake yin sa, ko da sakin layi ɗaya ne. Wanda aka kawo daga gida kuma mai shi za ta tashi ta faɗi abin da ke ciki da bakinta, in nuna kalma uku ta ba ni ma'anarsu. Wadda ta iya, ta koyi wani abu ko da injin ne ya fara rubutawa. Wadda ta kasa, ta gane da kanta ba sai na kunyata ta ba. Layi biyar masu kuskure da yarinya ta haifa da kanta sun fi mini shafi guda mai santsi, don a kan kuskuren ne zan san abin da zan koyar gobe.

Akwai wani darasi da nake jin daɗinsa. Google Translate ta sa Hausa tun 2013. Ki rubuta jimlar Turanci mai "you" a allo, ki nuna musu fassarar da injin ya bayar. Turanci bai raba ka da ki da ku ba, don haka injin canka yake yi. Ki tambaye su: da mace ake magana ko da namiji, ɗaya ko da yawa? Nan take za su ga akwai abin da suka sani wanda injin bai sani ba, kuma za su fara duba abin da ya ba su kafin su kwafa.

Tambaya: Baba Malam, maigidana a Kantin Kwari zai fara aika ni birnin Guangzhou na ƙasar Sin. An ce Sinanci ba ya koyuwa ga babba. Gaskiya ne?
Daga wani matashi, Kano.

Amsa: Ɗana, ba gaskiya ba ne, kuma kai Bahaushe kana da abin da Bature ba shi da shi. Sinancin Mandarin yana da karin sauti huɗu da ke canza ma'ana, abin da ke ba Turawa wuya ke nan. Kai kuwa tun kana goye kunnenka ke raba wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha, da sauti kaɗai. Ka kula da wannan tun ranar farko, don a Sinanci saya da sayarwa duk "mai" ne. In muryar ta nutse ta taso, saya ne. In ta faɗo da ƙarfi, sayarwa ne.

Kada ka fara da zanen rubutunsu. Ka fara da pinyin, wato Sinanci da haruffan boko, ka sa ƙamus ɗin Pleco a waya, yana aiki ba intanet kuma yana furta kalma. Ka buɗe WeChat tun kana Kano, don da shi 'yan kasuwarsu ke magana, WhatsApp da Google kuwa a toshe suke a can. Saboda haka duk abin da za ka buƙata ka sauke shi kafin ka hau jirgi. A wata ukun farko ka tsaya a kan lissafi, launuka, yadi, kwali, da "ya yi tsada". Lissafin ka ba shi ƙarfi, don su da dubu goma-goma suke ƙirga manyan kuɗi, suna ce mata "wan", dubu ɗari a wurinsu "wan" goma ce. Mutanen Guangzhou suna da nasu yaren, Kantonis, amma da Mandarin za a yi ciniki da kai. In maigidanka yana da wanda yake sayen kaya a wurinsa, ka karɓi lambarsa yau ka fara gaishe shi da murya.