Tambaya da Amsa: Gyaran Tafkin Ninkaya na Gida Bayan Ambaliya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ambaliya ta rufe tafkin ninkayar da ke bayan gidana. Ruwan ya janye, amma tafkin ya koma jar laka, ko matakala ta biyu ba a gani. Tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, zurfinsa kimanin mita ɗaya da rabi. In kwashe ruwan duka ne in wanke shi? *Daga wani magidanci*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kwashe shi yanzu. Bayan ambaliya ƙasar da ke kewaye da tafki takan jiƙe sharkaf, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana tura gindin tafkin sama. Abin da ke danne shi shi ne nauyin ruwan cikinsa. Naka yana ɗauke da lita 48,000, wato tan 48. Ka cire wannan nauyin, tafkin zai iya tasowa kamar kwalekwale, ya tsage siminti, ya karya bututun da ke binne. Na faiba ya fi saurin tasowa saboda ba shi da nauyi, mai shimfiɗar roba kuma robar ce ke kumbura ta yamutse. Irin wannan ɓarnar sau da yawa ba ta gyaruwa sai an sake gini. Idan ruwan ya cika maƙil, rage shi kawai zuwa tsakiyar bakin da ke zuƙar dattin sama.

Kafin kowa ya taɓa ruwan, a kashe wutar tafkin daga babban makunni, har da ta fitilun ciki. Sanya safar hannu ta roba da dogon takalmin ruwa, domin ambaliya kan kawo fasassun kwalabe, ƙusoshi, har da macizai. Sai ka kwashe ganye da itace da raga mai dogon mariƙi, ka share kwandon bakin tafki da na injin famfo.

Laka ita ce babban aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutane sukan kunna injin su bar matatar yashi mai tace ruwan ta sha lakar, cikin mintuna kaɗan yashin ya toshe, lakar ta dawo ta bututun shigar ruwa. Abin yi shi ne a kwantar da ita da alif ko maganin tattara laka da ake sayarwa don tafkuna, a bi adadin da ke jikin mazubinsa. Bayan an duba injin an maido da wuta, juya bawul ɗin matatar zuwa layin da ruwa ke zagayawa ba tare da ya ratsa matata ba, ka bar injin ya yi awa biyu, ka kashe shi na awa 12 zuwa 24. Lakar za ta kwanta a ƙasa. Daga nan ka juya bawul zuwa layin zubarwa waje, ka zuƙe ta a hankali da tiyon shara. Da ka yi gaggawa za ta tashi ta sake gauraya, sai ka sake jiran yini guda. Ka riƙa ƙara ruwa mai tsabta yayin aikin don kada injin ya ja iska. Kuma kada ka taɓa juya bawul injin yana aiki, robar cikinsa ce za ta yage. Wanda matatarsa ta takarda ce, ya zare ta kafin ya zuba alif, in ba haka ba ta danƙare.

Tambaya: Kilorin nawa zan zuba? An ce min in juye bokiti guda kawai. *Daga wata uwargida*

Amsa: Hajiya, bokiti ba ma'auni ba ne. Fara da gwada pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ki kai shi tsakanin 7.2 da 7.5, domin in ya haura 8 yawancin kilorin ɗin ba zai yi aiki ba. Ruwan ambaliya kan haɗu da na masai, shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin gurɓatacce. Ƙwayoyi irin su E. coli suna mutuwa nan take, amma Kiriptosporidiyam, mai jawo gudawa, yakan yi kwanaki a ruwa mai kilorin na yau da kullum. Don kashe shi ana kai kilorin miligiram 20 a kowace lita, a riƙe shi haka kusan awa 13.

Lissafin: garin kilorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari, giram ɗaya da rabi yana ɗaga lita dubu da miligiram ɗaya a lita. Tafki mai lita 48,000 zai ci kusan kilo ɗaya da rabi. Ki narka shi kaɗan-kaɗan a bokiti, ki zuba garin cikin ruwa, ba ruwa kan gari ba. A yi da yamma, don rana na cinye shi. Ki sake gwadawa bayan awa uku ko huɗu, za ki tarar ya sauka saboda datti, sai ki ƙara. Takardar gwaji ta gida ba ta karanta wannan matakin, don haka ki haɗa kofi ɗaya na ruwan tafki da kofi huɗu na ruwa marar kilorin, ki gwada, ki ninka sau biyar. Kada a haɗa garin da asid ko da dunƙulen kilorin a mazubi ɗaya, yana fitar da iska mai guba, yana ma iya kamawa da wuta.

A bar injin ya yi aiki dare da rana, a goge bango da burushi kullum. Idan agogon matata ya haura yadda yake a tsabtace da psi (ma'aunin matsin ruwa) 8 zuwa 10, a yi mata wankin baya, wato a juya ruwa ya bi ta baya ya fitar da dattinta waje. Ba a shiga sai kilorin ya sauko tsakanin miligiram 1 da 3 a lita, kuma ana hangen magudanar da ke ƙasa sarai.

Tambaya: Injin famfona ya nutse kwana biyu. Ya bushe yanzu, in kunna?

Amsa: A'a. Bushewar waje ba ta nufin wayoyin ciki sun bushe, laka kuma ta shiga boris. Mai gyaran lantarki ya buɗe shi ya gwada, ya duba na'urar da ke katse wuta idan ta zurara. Yashin matatar da ruwan masai ya ratsa gara a canza shi.

Tambaya: Da na zuba kilorin sai ruwan ya rine ya koma launin ruwan ƙasa. Me ya faru?

Amsa: Ƙarfe ne da ambaliya ta wanko daga ƙasa, kilorin ya sa shi tsatsa. Zuba maganin riƙe ƙarfe, ka ci gaba da tacewa kafin ya kama bango. In kuwa kore ne mai kauri da santsi a bango, gansakuka ce, takin da ruwa ya kwaso ke ciyar da ita, kilorinka bai isa ba. Amma idan ka ga maiƙon fetur ko baƙin mai a saman ruwa, kilorin ba ya maganinsa. Wannan ruwan sai an canza shi, kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda ana cikewa, bayan ƙasa ta bushe.