Amsa ga mai tambaya kan awon ƙwaya kafin a ɗauki direba aiki

Ƙanena, ka ce wani kamfanin motocin mai a Yamai zai ɗauke ka, amma sai an yi maka awon fitsari da na giya, kuma kana son sanin kwana nawa taramol ke yi kafin ya bar jiki. Na daɗe ina jan babbar mota tsakanin Tawa da Agadas, ga abin da na sani.

Ƙirgen kwanaki ba zai fisshe ka ba. Gaskiya ne taramol kan ɓace daga fitsari cikin ƴan kwanaki, wiwi kuwa kan kai makonni ga mai sha kullum, giya kuma awoyi ne kawai a na'urar hurawa. Amma kamfanin da ya ɗauki abin da gaske ba ranar ɗauka kaɗai yake awo ba. A Amurka, tun dokar 1991, ana auna direba kafin ya kama aiki, da ba-zata, da bayan hatsari, da duk lokacin da shugabansa ya ga alama. Kana duba taya da safe sai a miƙo maka ɗan kofi, ma'aikacin jinya na tsaye bakin ƙofa. Masu zuwa da fitsarin yaro a kwalba su sani ana duba ɗuminsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayar kanta. Ta asibiti galibi miligiram 50 ce ko 100, ta bakin tasha kuwa har 200 da 225. Na ga abokin aiki mai haɗiyar ta kusa da Abalak, muna shan shayi, ya faɗi yana karkarwa, kumfa a baki. Da a kan sitiyari ne fa, da mai cike a bayansa? Kada kuma ka yanke ta dare ɗaya: zufa, ciwon gaɓɓai, gudawa da rashin barci za su mayar da kai gare ta. Je wurin likita ka faɗa masa gaskiya, ya rage maka sannu a hankali, ko da za ka roƙi a ɗaga ranar fara aikin.

In kana shan maganin tari mai kodin ko wani maganin da likita ya rubuta, nuna takardar kafin awo, ba bayan sakamako ya fito ba.

Kafin ka sa hannu, tambaye su ko ana sake tabbatar da sakamako a ɗakin gwaji, da kuma awa nawa direba ke hutawa. Da yawa daga masu haɗiyar ƙwayar nan barci suke kora, don haka ka nemi a rubuta maka hutun a takardar aiki.