Ƙofar Gareji Mai Lantarki: Babban Inji Ne Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina shirin sa ƙofar gareji mai aiki da lantarki a gidana, amma hankalina bai kwanta ba, domin ina da yara ƙanana da ke wasa a wurin. Mai haɗawar ya ce in sayi injin da ya fi kowanne ƙarfi, kuma wai idon lantarkin da ake sawa daga ƙasa, mai hana ƙofar rufewa idan wani abu ya gitta, ɓarnar kuɗi ne. Me ya kamata in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kana da gaskiya da ka ji tsoro. Zaɓen nau'in ƙofa ba shi da wuya: idan akwai sarari a ƙarƙashin rufin garejin, ka ɗauki mai falle-falle wadda ke bin layin ƙarfe ta kwanta a sama, idan kuwa babu, mai naɗewa cikin akwati ta fi dacewa. Inji mai bel ya fi mai sarƙa ƙarancin ƙara.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne shawarar mai haɗawar, don kusan kullum sai na ji irinta. Ba inji ne ke ɗauke da nauyin ƙofa ba, sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke haɗe da ita. Ƙofar da motoci biyu ke shiga tana iya kai kilo 100, amma idan an daidaita sifirin yadda ya kamata, mutum ɗaya zai ɗaga ta ba tare da wahala ba, aikin injin kawai ja da turawa ne. Ka gwada da kanka: ƙofar na rufe, ka ja jar igiyar da ke raba ta da injin, ka ɗaga ta zuwa rabi ka saki. Idan ta tsaya, lafiya lau. Idan ta rikito, sifirin ne ke da matsala. Masu aikin ha'inci, maimakon su gyara wannan, sai su ƙara wa injin ƙarfin turawa, daga nan ƙofar ta daina jin cewa ta danne wani abu, kuma wannan abin yana iya zama ƙirjin yaro. Sifirin na yau da kullum yakan yi buɗewa da rufewa kusan sau 10,000 kafin ya gaji, kuma kada ka kuskura ka kwance shi da kanka, yana karya hannu.

Idon lantarkin kuwa, tun daga 1993 dokar Amurka ta wajabta irin wannan kariya a kan sababbin injunan ƙofar gareji na gidaje, bayan yara sun rasa rayukansu a ƙarƙashin ƙofofi. Wanda ya kira shi ɓarnar kuɗi bai cancanci ya taɓa ƙofar gidan mai iyali ba. A kafa shi kada ya wuce santimita 15 daga ƙasa. Kafin ka biya kuɗin aiki, ka ajiye katako mai kaurin santimita 4 inda ƙofar ke sauka. Dole ta koma sama da zarar ta taɓa shi, kuma ka riƙa maimaita gwajin kowane wata.

Maɓallin buɗe ƙofar na bango ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa, inda hannun yaro ba zai kai ba. Ka kuma nemi inji mai batirin ko-ta-kwana, wanda jihar Kalifoniya ta wajabta a 2019 bayan gobarar dajin 2017, lokacin da wutar lantarki ta ɗauke wasu mutane suka kasa buɗe garejinsu su tsira.