Ɗana Yana Aji Biyar, Bai Iya Karatu Ba

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyar a firamaren gwamnati, amma da na miƙa masa takardar asibiti ya karanta mini, sai ya yi ta kallonta. Su fiye da ɗari ne a ajinsu, rabinsu a ƙasa suke zama. Ina matsalar take?
Wata uwa daga Kano

Amsa: Hajiya, ba laifin yaron ba ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi ɗalibai 35 ga kowane malamin firamare, don haka wanda aka tara wa ɗari ba zai iya duba littafin kowa ba, sai dai ya rubuta a allo, yara su maimaita da baki, a ƙarshen shekara a ciyar da kowa gaba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma abin takaici, jihohi da dama sukan bar kuɗin a kwance shekara da shekaru. Akwai kuma batun ingancin malamai, domin a 2017 fiye da malamai 21,000 sun faɗi jarrabawar gwaji a Jihar Kaduna.

Shawarata ita ce ki shiga taron iyaye da malamai, ku matsa wa kwamitin kula da makarantar ya nemi ƙarin malamai daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB). A gida kuwa, a fara masa da karatun Hausa kullum bayan magariba, domin yaro ya fi saurin haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji.