Alex Zanardi: Gwanin Tsere Ne, Ko Tausayi Ne Ya Ɗaukaka Sunansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ci karo da labarin wani direban tseren motoci ɗan ƙasar Italiya mai suna Alex Zanardi, wanda ake ta yabonsa ana kiransa gwarzo. Amma da na duba tarihinsa a gasar Formula 1 sai na ga maki ɗaya tak ya taɓa samu duk tsawon zamansa a can. Shin da gaske ƙwararren direba ne, ko kuwa haɗarin da ya raba shi da ƙafafunsa ne ya sa duniya take girmama shi saboda tausayi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani gaskiya ne, domin Zanardi ya shiga tseren Formula 1 sau 41 kuma maki ɗaya ya tashi da shi, wanda ya samu a Barazil a shekarar 1993 lokacin da ya zo na shida. Sai dai wannan adadi ba ya isa a yanke masa hukunci da shi, saboda sunan da ya yi a duniyar tsere ya yi shi ne a Amurka tsakanin 1996 da 1998, shekaru kafin haɗarin, a lokacin da babu wani dalilin da zai sa a tausaya masa.

An haifi Alessandro Zanardi a birnin Bologna ranar 23 ga Oktoban 1966, ya tashi a garin Castel Maggiore da ke kusa da nan. Ya fara da ƙananan motocin kat yana ɗan shekara goma sha uku, ya bi ta gasar Formula 3 ta Italiya, sannan a 1991 ya zo na biyu a gasar Formula 3000, matakin da a wancan zamani ke ƙarƙashin Formula 1 kai tsaye, inda Christian Fittipaldi ɗan Barazil ya sha gabansa. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar Jordan ta ba shi mota a tsere uku na ƙarshe, ya zo na tara a fitowarsa ta farko a Sifaniya. A 1992 ya yi wa Minardi tsere na wucin gadi, ya kuma yi wa Benetton aikin gwajin mota, kafin ya samu gurbi na dindindin a Lotus a 1993.

Abu biyu ya kamata ka sani game da wannan zango na farko. A lokacin mutum shida na farko ne kawai ke samun maki, ba goma ba kamar yau, saboda haka direban da ya zo na bakwai ko na takwas yakan koma gida hannu rabbana. Na biyu kuma, Lotus ɗin da Zanardi ya tarar suna ne kawai ya rage mata, bashi ya yi mata katutu, har ta rufe a ƙarshen 1994. A tsakiyar wannan hali ne ya yi mummunan haɗari a kwanar Eau Rouge ta filin Spa da ke Beljiyam a 1993, wanda ya hana shi ƙarasa kakar. A Formula 1 kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, kuma tazarar da ke tsakanin mota mai kyau da marar kyau takan fi tazarar da ke tsakanin direbobi nesa ba kusa ba. Sukuwa ce da ko mahayi ya kai ƙarshen gwaninta, in aka ɗora shi a kan ramammen doki sai dai ya sha ƙurar na gaba. Don haka ba na ganin shekarun 1991 zuwa 1994 a matsayin hujja a kansa ko a gare shi.

Inda za ka auna shi da kyau shi ne gasar CART ta Amurka, wadda a wancan lokaci ita ce babbar gasar motoci masu buɗaɗɗun tayoyi a nahiyar. A can ƙungiyoyi sayen jikin mota suke yi daga kamfanoni kaɗan, irin su Reynard da Lola, su haɗa da injin Honda ko Ford ko Mercedes, wanda ya sa motocin suka fi kusanci da juna, hannun direba kuma ya fi fitowa fili. Chip Ganassi, mai wata ƙungiyar tsere a gasar, ya ɗauke shi a 1996 ba tare da Amurkawa sun san shi ba. A shekararsa ta farko ya ci tsere uku, aka ba shi kambun sabon direban da ya fi kowa, ya kuma ƙare a matsayi na uku. A 1997 ya lashe gasar da nasara biyar, a 1998 ya sake lashe ta da nasara bakwai, huɗu daga cikinsu a jere, a Detroit da Portland da Cleveland da Toronto. Jimilla nasara goma sha biyar cikin shekara uku, a gaban mutane irin su Michael Andretti da Al Unser Jr. da Greg Moore da Paul Tracy.

Mai shakka zai ce ai motar Ganassi ce ta fi ta kowa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da ƙungiyar ta lashe gasar shekara huɗu a jere: Jimmy Vasser a 1996, Zanardi sau biyu, sannan Juan Pablo Montoya a 1999. Haɗin Reynard da Honda da tayar Firestone shi ne ya fi dacewa a wancan zamani, ga kuma injiniyan Zanardi, Mo Nunn, wanda ya san sirrin saita mota. To amma Vasser, wanda zakara ne shi ma, irin wannan mota yake tuƙawa, kuma a 1998 da ya zo na biyu Zanardi ya ba shi tazarar maki fiye da ɗari. A harkar tsere ba a da ma'aunin da ya fi wannan adalci, wato ka duba abin da mutum ya yi wa abokin aikinsa da ke da kayan aiki irin nasa.

Yadda yake cin tseren ma ya fi yawan nasarorin jan hankali. A Cleveland a 1997 hukuncin alƙalai ya mayar da shi can baya, ya dinga wuce motoci ɗaya bayan ɗaya har ya ci. A Long Beach a 1998 an taɓa ba shi ratar zagaye guda cur, duk da haka shi ya fara tsallake layin ƙarshe. Wanda aka fi tunawa shi ne na Laguna Seca a jihar Kaliforniya, tseren ƙarshe na 1996. Filin yana da wata kwana da ake kira Corkscrew, inda hanya ke karkata hagu sannan dama tana gangarowa daga kan tudu da tsananin zurfi, wurin da kowa ya yarda ba a wuce mota a cikinsa. A zagaye na ƙarshe Bryan Herta na gaba, sai Zanardi ya jinkirta taka birki, ya kutsa ta ciki, motarsa ta fita daga kwalta ta bi ta kan ƙasa, ya dawo hanya yana gaba. A ganina in da yau ne alƙalai za su ƙwace wannan nasara, domin ya bar hanya gaba ɗaya, amma ta nuna irin direban da yake: mai jinkirta birki, mai yarda motar ta zame a ƙarƙashinsa ya kuma riƙe ta da ƙarfin hali. Shi ne kuma ya yaɗa al'adar juya mota a wuri ɗaya tayoyi na hayaƙi bayan an ci tsere, abin da direbobi da yawa suka ɗauka daga baya.

Shekarar da ta fi wuyar karewa ita ce 1999, kuma ba zan ɓoye maka ba, a nan ne tambayarka take da ƙarfi. Frank Williams, mai ƙungiyar Williams, ya dawo da shi Formula 1 a matsayin zakaran Amurka, amma ya ƙare kakar babu maki ko ɗaya, alhali abokin aikinsa Ralf Schumacher ya tara 35 ya kuma hau dandalin karramawa sau uku. Akwai dalilai. Williams ta riga ta rasa injin Renault na kamfani da mai zana mata mota Adrian Newey, tana jiran BMW a 2000, kuma motar Zanardi ta yawaita lalacewa har bai kai ƙarshen fiye da rabin tseren kakar ba. Sannan motar Formula 1 da ya bari a 1994 ba ita ya tarar ba. An rage mata faɗi, an kuma tilasta amfani da taya mai tsagi maimakon sulɓaɓɓiyar taya, wanda ya rage riƙon kwalta, ta yadda motar ba ta yafe wa mai son zamar da ita. Motar CART ta fi nauyi, tana da sulɓaɓɓiyar taya da birkin ƙarfe mai ba direba damar jin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarsa, ita kuwa ta Formula 1 kilo 600 ce har da direba, birkinta na kabon ne mai kamawa nan take. Abin ya dame shi har ya nemi a sa masa birkin ƙarfe a wasu tsere. Ranar da ya fi haskawa ita ce a Monza, inda ya tashi daga gurbi na huɗu, matsala ta samu motar, ya ƙare na bakwai.

Duk da haka uzurin yana da iyaka. Jacques Villeneuve ya taho daga CART ya zama zakaran duniya a 1997, Montoya ma ya zo Williams a 2001 ya ci tsere a shekararsa ta farko. Ke nan gibin ana iya tsallake shi, Zanardi ne bai tsallake ba. Hukuncina shi ne gwani ne na gaske a motar da ta dace da salonsa, amma ba ya cikin 'yan tsirarun da ke iya sauya salo su bi kowace irin mota. Aka raba gari da Williams bayan shekara ɗaya, Jenson Button ya gaje shi.

Ya koma CART a 2001 tare da sabuwar ƙungiyar Mo Nunn, kakar ba ta yi masa daɗi ba sai ranar 15 ga Satumba a filin Lausitzring na Jamus, kwana huɗu bayan harin da aka kai Amurka, inda yake kan gaba. Saura zagaye goma sha uku ya fito daga wurin shan mai, motar ta juya da shi ta tsaya a gicciye kan hanya, Alex Tagliani ya taho da gudun da ya haura kilomita 300 a sa'a ya raba gaban motar da sauran jikinta. Nan take Zanardi ya rasa ƙafafunsa biyu, ya zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na jininsa. Likitocin gasar, Terry Trammell da Steve Olvey, su suka tsayar da jinin gwargwadon iko har jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti a Berlin. Wannan fili dai shi ne inda wani babban direban Italiya, Michele Alboreto, ya rasu a watan Afrilun shekarar yana gwajin motar Audi.

Abin da ya biyo baya shi mutane ke ɗauka a matsayin labarin tausayi, alhali agogo ne ya yi hukunci a cikinsa, kuma agogo ba ya sassauta wa kowa. A watan Mayun 2003 ya koma Lausitzring ya ƙarasa zagaye goma sha ukun nan a motar da aka mayar da totur ɗinta hannu, da saurin da zai ba shi gurbi na biyar in da yana cikin tseren ranar. Daga nan ya shiga gasar motocin da aka gina kan samfurin na kan titi tare da BMW, yana karawa da direbobi masu cikakkiyar lafiya. Totur yana jikin sitiyari, kulocin yana kan sandar giya, birki kuma yana danna shi da ƙafar roba ta hanyar tura ƙugunsa. A gasar duniya ta wannan rukuni ya ci tsere huɗu: Oschersleben a 2005, Istanbul a 2006, sai Brno a 2008 da 2009. Bai kusanci kambun gasar ba, a tsakiyar jeri ya fi zama, amma babu wanda ya kauce masa a hanya don ya ci waɗannan huɗun. A ƙarshen 2006 ma BMW Sauber ta ba shi motar Formula 1 da aka gyara masa ya gwada a Valencia.

Keken da ake murzawa da hannu wani fage ne daban, duk da cewa ilimin saita inji da rage turjiyar iska da ya kwaso daga tseren mota ya yi masa amfani wajen tsara kekensa. Ya zo na huɗu a rukunin kekuna na gudun fanfalaƙin New York a 2007 bayan ɗan gajeren atisaye, ya lashe shi a 2011. A wasannin Paralympics, wato gasar duniya ta 'yan wasa masu buƙata ta musamman, na Landan a 2012, waɗanda aka yi tseren kekensu a Brands Hatch, filin da ya taɓa yin tseren mota a cikinsa, ya ci zinare biyu da azurfa ɗaya yana da shekara 45, ya maimaita haka a Rio a 2016. Bai bar mota ba a tsakanin: ya zo na biyar a tseren gasar motocin Jamus ta DTM da aka yi a Misano a 2018, ya kuma shiga tseren sa'a 24 na Daytona a 2019, wannan karon ba tare da ƙafar roba ba, da sandar birki ta hannu da sitiyarinsa na musamman da ake sauyawa duk lokacin da zai karɓi motar daga abokan tuƙinsa.

Ranar 19 ga Yunin 2020, yana cikin wani tattakin kekuna na 'yan wasa masu buƙata ta musamman kusa da garin Pienza a lardin Siena, kekensa ya ƙwace ya yi karo da babbar mota, ya samu munanan raunuka a kai da fuska. An yi masa tiyata sau da dama, sai a watan Disambar 2021 aka mayar da shi gida don ci gaba da jinya, kuma daga ranar wannan haɗari bai sake shiga wata gasa ba, ta mota ko ta keke.