Amsa: Injin wankina yana gurnani amma ya ƙi juyawa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce injinki mai baho biyu ne, ɓangaren wanki lafiya lau, na matsewa ne ke gurnani ba ya juyawa, kuma mai gyara a Ringim ya ce ki sayi sabo. Ni dai ban yarda ba tukuna.

Da farko ki daina barinsa yana gurnanin nan, shi ke ƙona moto. Ki gwada shi da janareta mai ƙarfi, domin wutar da ke zuwa mana nan ƙauye sau da yawa ba ta kai ƙarfin volt 220 ba, moto ba ya tashi da ita. In bai tashi ba, ki zare filogi, ki juya bahon matsewar da hannu. Idan ya cije ko da an rufe murfi, wayar birki ce ta saki, ko wata safa ta faɗa ƙasa ta naɗe. Idan yana juyawa sumul, to kafasito nake zargi, wato abin da ke taimaka wa moto ya tashi. Ƙaramin abu ne, ana samunsa a Sabon Gari, Kano, amma a tafi da tsohon don lambar ta dace. Don Allah kada ki taɓa shi da kanki, yana riƙe wuta ko an zare filogi.

Namu haka ya yi bara, muka kusa sayar wa 'yan gwangwan, ashe kafasito ne kawai.

Inda zan ce ki haƙura shi ne idan robar ƙasan baho ta lalace, ruwa ya shiga moto har kina jin ƙauri, kuma kuɗin gyaran ya haura rabin kuɗin sabo. Shekararsa nawa a hannunki?