Tambayoyin Masu Karatu: Tsakanin Tasha da Shinge a Hanyoyin Damagaram

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun taru a kan zirga-zirgar yau da kullum tsakanin birnin Damagaram da garuruwan da ke kewaye da shi, da kuma sha'anin jami'an da ke tsaron waɗannan hanyoyi. Mun zaɓi uku daga ciki, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda suka nema.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, gidana yana Mirriya, wurin aikina kuma yana cikin Damagaram. Ina fita bayan sallar asuba, amma sau da yawa nakan makara, domin mota ba ta tashi sai ta cika, idan ta cika kuma sai a ƙara mutum a kan mutum. Me ya hana tafiyar kilomita 18 ta sami bas mai tashi a kan lokaci, alhali masu zuwa Yamai suna da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bambancin yana cikin lissafin kuɗin da ke bayan kowace mota. Kamfanin da ke ɗaukar mutane zuwa Yamai, tafiyar da ta kusa kilomita 900 a kan hanya mai lamba 1, yana sayar da tikiti tun kafin ranar tafiya, kuɗin kujera ɗaya kuma yana da kauri, saboda haka yana iya cika alkawarin lokaci ko da wasu kujeru sun tafi babu kowa. Direban ƙaramar motar Mirriya ba ya da wannan sarari. Yana tashi da safe da nauyin kuɗin mai, da kuɗin tasha, da rabon ɗan kamasho, da abin da zai kai wa mai mota da yamma, kuma duk wannan daga ƴan kuɗin gajeriyar tafiya zai fito. Kujerar da ta tafi babu mutum asara ce da ba ya da inda zai mayar da ita.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Da safe jama'a duk birni suka nufa, da yamma kuma duk gida suka nufa, don haka motar da ta shigo a cike takan koma kusan wayam. Ranar Lahadi, da kasuwar Mirriya ke ci, lamarin yakan juya. Rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499 da aka yi a watan Yulin 2024 ya sassauta wa direba, amma bai taɓa wannan matsala ta komawa babu fasinja ba. Shi ya sa a biranen duniya da dama bas mai bin agogo ba ya rayuwa da kuɗin fasinja kaɗai, sai hukuma ta ɗauki wani kaso ko ta ƙulla yarjejeniya da masu motoci. Yamai tana da kamfanin SOTRUNI na bas ɗin cikin gari, kuma a ganina Damagaram ta kai girman da za ta nemi irin nata tsari, domin hanyoyi huɗu ne ke zuba mata mutane kowace safiya: ta gabas daga Mirriya, ta yamma daga Takeita, ta arewa daga Tanut, ta kudu daga Magarya. Wannan aiki ne na hukumar birni mai gundumomi 5, tare da hukumomin garuruwan maƙwabta da sandikar masu sufuri, wato ƙungiyarsu.

Kafin a kai ga haka, ga shawarar da ke hannunki. Ku da kuke bin hanyar kullum, malamai da ma'aikatan asibiti da ɗaliban Jami'ar André Salifou, kun isa ku cika mota. Ku haɗu ku je wurin shugabannin tasha, ku nemi direba guda wanda za ku riƙa biya a wata, da sharaɗi biyu a rubuce: ya tashi a lokacin da aka yanka ko da wani bai iso ba, kuma kada ya ɗauki fiye da adadin kujerunsa. Direban da ya san kuɗinsa tun farkon wata ba ya da dalilin jiran cikon mutum ɗaya har rana ta take.

Tambaya: Ni direba ne, ina jan Hiace tsakanin Magarya da Damagaram. Fasinjoji suna zaginmu a kan lodi, amma ba su san abin da muke bari a hanya ba. Akan tsayar da ni a wurare da dama, wani lokaci in ba da abin da na ba da ba tare da an ba ni wata takarda ba. Ina so in san wa ke da ikon tsayar da ni, waɗanne takardu ne dole in nuna, kuma ina zan kai kuka?

Amsa: Malam direba, na gode da ka faɗi gaskiyar da yawancin abokan sana'arka ke faɗa a tasha kawai. Masu kaki da kake gani a hanya ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma sanin bambancinsu shi ne farkon kare kanka. Ƴan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma galibin aikinsu a cikin birni ne da mashigansa da kan iyaka. Jandarmomi suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, su ne ke kula da manyan hanyoyi da karkara, su ne kuma ke zuwa awon hatsari idan ya auku a wajen gari. Jami'an duwan, wato kwastan, suna ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, abin da ya dame su shi ne kayan da ka ɗauko da takardunsu, jami'an gandun daji kuma suna duba itace da gawayi da makamantansu. Kuɗin peyaj, wato kuɗin bin hanya, dabam yake: na asusun gyaran hanyoyi ne da ake kira FER, kuma yana da tikitinsa da dole a miƙa maka.

Dukkansu suna da ikon tsayar da kai a cikin iyakar aikinsu, kuma ban yarda da masu cewa shinge ba ya da amfani ba. Hanyar da kake bi, mai lamba 11, wani yanki ce ta babbar hanyar da ta taso daga Aljeriya ta ratsa Agadas da Damagaram ta shiga Najeriya, kuma makamai da miyagun ƙwayoyi da kayan fasa-ƙwauri suna bin irin waɗannan hanyoyi. Mutumin da ya wuni a rana yana duba motoci saboda tsaron kowa ya cancanci ladabi daga gare ka.

Takardun da ake nema ga motar haya sanannu ne: permi wanda ajinsa ya dace da motar da kake ja, kartagiris (takardar rajistar mota), asirans (inshora) mai rai, takardar bizit teknik da ke shaida lafiyar mota, da takardun izinin sufuri da na harajin mota. Asirans dole ne a ƙarƙashin dokar CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka kan harkar asirans da Nijar ke ciki, kuma shi ne abin da zai biya diyyar fasinjanka idan ƙaddara ta faɗa, don haka kada ka ɗauke shi takardar nuna wa jami'i kawai. Dokar hanya da majalisar dokoki ta amince da ita a 2014 ta bayyana laifuffuka da hukuncinsu. Idan ka yi laifi, tara ta hau kanka, amma tara tana da suna, tana da adadi, tana da rasit, kuma baitulmali take shiga. Abin da aka karɓa babu rasit ba tara ba ne, ko da wane suna aka kira shi.

Yanzu kuma sai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka. Sau da yawa direba ne da kansa ke gudun rasit, saboda ya san bizit ɗinsa ya ƙare, ko tayarsa ta siɗe, ko ya ɗauki mutane fiye da abin da kartagiris ta rubuta, kuma ya lissafa cewa ɗan abin da zai miƙa ta taga ya fi tara sauƙi. Daga nan sai ya ƙara fasinja biyu ko uku don ya mayar da abin da ya miƙa, ƙarin lodin kuma ya zama sabon dalilin miƙawa a shinge na gaba. A ƙarshe motar da aka kafa shingen don a hana ta wucewa ita ce ke wucewa, kuma wanda ke biyan duka shi ne fasinja, da kuɗinsa, da matsin da ya sha, wani lokaci da ransa. Haka abin yake ga manyan motoci. Ƙa'ida mai lamba 14 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta shekarar 2005, ta ƙayyade nauyin da za su ɗauka, domin lodin da ya wuce kima shi ne ke farfasa kwalta, ramukan da ya bari kuma su ne ke cinye tayoyinka.

Don haka ka fara da cika takardunka da tsayawa a kan adadin kujerunka, domin mai cikakkun takardu ne ke da bakin cewa, cikin ladabi, a rubuta masa rasit. Kada ka yi gardama a bakin hanya. Idan an karɓi abu ba bisa ƙa'ida ba, ka riƙe rana da lokaci da wurin, ka kai wa sandikarku, ita kuma ta kai wa shugabannin jami'an ko mai gabatar da ƙara a kotu. Kukan direba ɗaya yakan ɓace, amma rubutaccen koke mai ɗauke da ranaku da sa hannun direbobi da yawa yana da wuyar turawa gefe.

Tambaya: Ni uwa ce a unguwar Birni. Ɗana yana kabu-kabu, yanzu kuma ya fara kai mutane ƙauyukan hanyar Tanut har bayan magariba. Ya ce kaske, wato hular kwano, na zafi, kuma ba a cika tambayarsa ba. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Inna, tsoronki yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ita dai hukumar ta ce hular kwano mai inganci, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, kansa ne ke ciki.

Hanyar Tanut kuma tana da nata haɗari, domin a kanta matatar mai ta SORAZ take tun 2011, tankokin mai da manyan motoci suna kai da kawo a kanta. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda, wato kafin direba ya kai ƙafa ga birki ya riga ya wuce tsawon nan, kuma babur marar fitilar baya ba ya ganuwa da dare sai an zo kansa. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya zaunar da shi a kan abu uku: kaske gare shi da fasinjansa, fitilun gaba da baya masu aiki, da barin babbar hanya idan duhu ya shiga. Ki kuma sa ya ajiye lamba 17 ta ƴan sanda da 18 ta ƴan kwana-kwana a wayarsa, ya rubuta lambar wani na gida a takarda ya sa cikin aljihun da yake ajiye permi.